Firiza a Ƙasar Zafi: Musabbabin Lalacewarta da Hanyoyin Gyaranta a Yankin Kazaure, Babura, Roni da Gwiwa

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne bayyana dalilan da suke sa firiza ta daina aiki a gidajenmu, da kuma matakan da ya kamata a bi wajen gano cutarta kafin a kai ga kashe kuɗi. An taƙaita bayanin a kan ƙananan hukumomi huɗu na arewa maso yammacin Jihar Jigawa, watau Kazaure da Roni da Gwiwa, waɗanda suke cikin Masarautar Kazaure, da kuma Babura ta Masarautar Ringim, wadda ta yi iyaka da Jamhuriyar Nijar. Sai dai abin da za a faɗa ya shafi sauran ƙasar Hausa, tun da yake rana ɗaya ce take dukan kowa.

A wannan yanki firiza ta wuce kayan ƙawa. Jari ce. Da ita matan aure suke sana'ar ƙanƙara da zoɓo da kunun aya daga cikin gida, da ita mai shago yake sanyaya ruwan leda da lemo, da ita mai kifi yake adana abin da ya saro daga bakin madatsar ruwa ta Muhammadu Ayuba a Kazaure. Ranar da ta tsaya, ciniki ya tsaya, abin da ke cikinta kuma ya kama hanyar lalacewa. Da zarar haka ta faru, hukuncin da aka fi saurin yankewa shi ne "gas ya ƙare". Wannan takarda za ta nuna cewa gas ɗin firiza ba ya ƙarewa don an yi amfani da shi, kuma akasarin cututtukanta a nan daga abubuwa uku suke tasowa: zafi, da ƙura, da rashin daidaiton wutar lantarki. Saboda haka batun gas shi ne ya kamata ya zo ƙarshe a bincike.

2.0 Yadda Firiza Take Aiki

Ba a iya gane cutar abu sai an san lafiyarsa. Aikin firiza shi ne ta kwashe zafi daga cikinta ta zubar a waje. Abin da muke kira sanyi kuwa shi ne ragowar da aka bari bayan an ɗebe zafi. Hikimar ba baƙuwa ba ce gare mu. Ruwan randa yana yin sanyi ne domin ruwan da yake tsattsafowa ta jikinta yana bin iska, kuma duk ruwan da zai zama tururi sai ya ɗebi zafi ya tafi da shi. A kan wannan hikima ce marigayi Mohammed Bah Abba, malami a Jihar Jigawa, ya gina dabararsa ta tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda ta ba shi lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000.

Bambancin firiza da randa shi ne, ita firiza ba ta barin tururin ya tsere. Tana kama shi ta mayar da shi ruwa, ta sake amfani da shi. Jacob Perkins ne ya yi rajistar injin da ke aiki a wannan tsari a Landan a shekarar 1834, kuma har yau tsarin bai sauya ba. Sassa huɗu ne suke gudanar da shi:

(a) Kwamfiresa, watau baƙin injin nan mai kama da tukunya da ke ƙasan firiza. Shi yake matse gas har ya yi zafi ƙwarai.

(b) Kwandensa, watau bututun da gas mai zafi yake bi ya saki zafinsa ga iskar ɗaki, ya koma ruwa. A waɗansu firizoji ana ganinsa a baya kamar raga. A mafi yawan na kwance kuwa yana ɓoye a cikin bangon jikinsu, shi ya sa ake jin gefensu da ɗumi.

(c) Siririn bututu, wanda raminsa bai kai milimita 1 ba a mafi yawansu. Shi yake rage wa ruwan matsi.

(d) Bututun sanyi, wanda ya kewaye cikin firiza. A nan ruwan yake tafasa ya zuƙe zafin kayan da aka ajiye, ya koma gas, ya nufi kwamfiresa.

Ruwan yana iya tafasa cikin sanyi ne saboda ɗabi'arsa: a matsin iska na yau da kullum, wanda ake kira R134a yana tafasa a wajen digiri 26 ƙasa da sifiri a ma'aunin Salshiyas, R600a kuwa a wajen digiri 12 ƙasa da sifiri. Akwai kuma ƙananan mataimaka uku: madaidaicin sanyi, mai kunna inji da kashe shi, da rile, mai tayar da kwamfiresa, da mai tsaron inji, wanda yake yanke wuta in kwamfiresa ya yi zafi ko ya ja wuta fiye da kima. Lafiyayyar firiza tana riƙe kayanta a digiri 18 ƙasa da sifiri. Abin lura a nan shi ne, duk wannan kewaye a rufe yake ruf, an like shi da walda tun daga masana'anta.

3.0 Abin da Yanayin Yankin Yake Jawowa

3.1 Zafi

A bazara, musamman watannin Afrilu da Mayu, zafin rana a wannan yanki yakan haura digiri 40, ɗaki mai rufin kwano marar silin kuwa yakan fi haka. Tun da yake kwandensa ba ya iya sakin zafi sai ga iskar da ta fi shi sanyi, duk ƙarin zafin ɗaki ƙarin wahala ne ga kwamfiresa.

Masu ƙera firiza sun san da haka, shi ya sa suke rubuta ajin yanayi a jikin takardar da ke manne da ita. Ajin N an yi shi ne don ɗakin da bai wuce digiri 32 ba, ajin ST digiri 38, ajin T kuwa digiri 43. Da yawa daga tsofaffin firizojin Turai da ake sayarwa a kasuwannin gwanjo na Kano 'yan ajin N ne ko SN, watau an yi su ne don ƙasar da ba ta san bazararmu ba. Irin wannan firiza tana iya yin aiki sumul a cikin hunturu, amma da Afrilu ya kama sai ta kasa daskarar da ruwa, alhali babu abin da ya lalace a jikinta. Ga mai saye a Babura ko Gwiwa, harafin T ya fi kyawun fenti muhimmanci.

3.2 Ƙura da Laima

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana ɗauke da ƙura mai laushi wadda take kwanciya a kan kwandensa da kwamfiresa da fanka, in akwai. Ƙurar nan tamkar bargo ce: tana hana zafi fita. Ƙurar da ta taru a hunturu ita take kashe inji a bazara. Da damina kuma, daga Yuni zuwa Satumba, iska tana cike da laima, kuma duk buɗe ƙofa shigar da laima ne, wadda za ta daskare a bangon ciki. Ban da haka, damshin ƙasa yana sa tsatsa ta ci gindin firiza da bututun da ke wajen.

3.3 Wutar Lantarki

An kafa Hukumar NEPA a 1972, PHCN ta gaje ta a 2005, sannan a Nuwamban 2013 rarraba wuta a jihohin Kano da Katsina da Jigawa ya koma hannun kamfanin KEDCO. Ƙa'idar wutar gida a Nijeriya bolt 230 ce. Amma gidan da ke ƙarshen dogon layi, ko unguwar da ta yi wa taransifoma nauyi, ko shagon da aka ja wa wuta da siririyar waya, ba safai suke samun wannan adadi ba, musamman da magariba lokacin da kowa ya kunna kayansa.

Illar raunin wuta ga firiza ta fi ta ɗaukewarta. Lokacin tashi, kwamfiresa yana jan wuta ninkin-ba-ninkin abin da yake ja in yana gudu. In wutar ba ta da ƙarfi, sai ya kasa juyawa, ya tsaya yana gurnani, wayoyin cikinsa suna ɗaukar zafi. Haka nan in aka ɗauke wuta aka dawo da ita nan take, ko aka sauya daga layi zuwa janareta cikin gaggawa, injin zai tarar da matsin gas bai sauka ba, ya kasa tashi. Dalilin ke nan da ya sa ake son a jira minti 5 kafin a sake kunnawa. Ƙaramin janareta ma yakan jawo wannan illa, domin yana iya ɗaukar firiza tana gudu amma ya kasa tayar da ita.

4.0 Alamomin Cuta da Matakan Bincike

Tsarin da ake shawarta shi ne a fara da mai sauƙi da araha, a ƙare da mai wuya da tsada. Kafin a taɓa waya ko inji, wajibi ne a zare filogi daga soket.

4.1 Firiza ta yi shiru, ba fitila ba motsi. A nan sai a fara zargin hanyar wuta. A jona wani abu, kamar fitila ko rediyo, a soket ɗin don a tabbatar yana da wuta. A duba fiyus ɗin filogi, a duba ko bakinsa ya ƙone ko ya narke, a bi waya a ga ko ɓera ya ci. In duk wannan lafiya, sai a koma ga madaidaicin sanyi, wanda mai gyara zai iya gwadawa cikin 'yan mintoci.

4.2 Inji ya yi gurnani na 'yan daƙiƙoƙi, sai a ji "ƙas", ya yi shiru, can kuma ya sake. Wannan ƙarar ta mai tsaron inji ce yana yanke wuta. A kashe firiza nan da nan, domin barinta a haka shi yake ƙona kwamfiresa. Dalilai uku ne a jere: raunin wuta, ko lalacewar rile, ko cijewar injin kansa. In fitilun gida sun yi ja, ko fanka tana jan ƙafa, to, wuta ce, sai a jira ta daidaita. In wuta lafiya, a sa mai gyara ya cire rile. Irin na zamani in ya fashe a ciki, ana jin yana kaɗawa kamar tsakuwa in an girgiza shi. Kuɗinsa ɗan kaɗan ne idan aka kwatanta da na kwamfiresa, kuma bai kamata a yarda a sauya inji ba sai an gwada shi da sabon rile a kan wuta mai ƙarfi.

4.3 Inji yana gudu ba hutu, sanyi kuwa kaɗan. A duba mazauninta tukuna. Shin tana jikin bango, ko kusa da murhu, ko rana tana faɗa mata ta taga? Shin an lulluɓe ta da zane ko leda don gudun ƙura? A janye ta aƙalla santimita 10 daga bango ta kowane gefe, a yaye lulluɓin, a share ƙurar inji da buroshi mai laushi. Daga nan a gwada robar ƙofa: a sa takarda a bakin ƙofar a rufe, a ja, in ta zare ba tare da turjiya ba, iska tana shiga ta nan. Sau da yawa wanke robar da ruwan ɗumi da sabulu yana mayar da ita daidai. In ta tsage, a sauya ta.

4.4 Ƙanƙara ta yi kauri a bango. Ƙanƙarar bango tana shiga tsakanin bututun sanyi da kaya, ta rage aikin. In kaurinta ya kai rabin santimita, a kashe firiza, a kwashe kaya, a bar ƙofa a buɗe, a sa kwanon ruwan ɗumi a ciki. Kada a kuskura a sa wuƙa ko sukudireba. Bututun sanyi yana dab da bangon, kuma tsini ɗaya ya isa ya huda shi. Wannan ɗabi'a tana cikin manyan hanyoyin da gas yake zubewa a gidajenmu.

4.5 Jikin firiza yana jan mutum. Wannan alama ce ta wuta tana zuba a jikin ƙarfe, kuma babu wayar ƙasa da za ta kwashe ta. A zare filogi, kada a sake jonawa sai ma'aikacin lantarki ya duba. Haɗarin ya fi tsanani ga yara da masu tafiya ba takalmi a jiƙaƙƙen daɓe.

5.0 Batun Gas

In an bi duk matakan da suka gabata, inji yana gudu, amma ƙanƙara ta kama ɓangare ɗaya kawai na bango ko ba ta kama ko'ina ba, kwandensa kuma ba ya ɗumi, to, a nan ne ake zargin kewayen gas. Ko a nan ma dalilai uku ne: yoyo, ko toshewar siririn bututu, ko raunin kwamfiresa. Toshewar da laima take jawowa tana da alamarta: firiza ta yi sanyi na ɗan lokaci ta daina, in an kashe ta an huta ta dawo, domin ɗigon ruwa ne yake daskarewa a bakin bututun.

Tun da kewayen a rufe yake, raguwar gas shaida ce ta huji. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Wanda ya ƙara gas bai toshe hujin ba, ya sayar wa mai firiza sanyin 'yan makonni ne kawai. Gyara na gaskiya yana da matakai biyar: a gano wurin yoyo, ta hanyar tabon mai a mahaɗar bututu ko kumfar sabulu, a like shi, a sauya filta mai tsotse laima, a zuƙe iskar ciki da injin zuƙa, sannan a zuba irin gas ɗin da aka rubuta a jikin firiza, gwargwadon nauyin da aka rubuta. Mai firiza yana da haƙƙin ya tambayi mai gyara: "Malam, a ina yoyon yake?"

Irin gas ɗin ma yana da tarihi. Tsofaffin firizoji R12 suke amfani da shi. A 1974 masana biyu, Mario Molina da Sherwood Rowland, suka nuna cewa irin wannan gas yana cinye rufin ozon da ke kare duniya daga illar hasken rana. Wannan ya kai ga Yarjejeniyar Montreal ta 1987, wadda ta sanya 2010 a matsayin wa'adin daina samar da shi ga ƙasashe masu tasowa. R134a ya maye gurbinsa, amma shi ma yana ƙara ɗumamar duniya, har Gyaran Kigali na 2016 ya tanadi rage shi. Yawancin sababbin firizojin gida R600a suke ɗauke da shi. Abubuwa biyu suka biyo bayan wannan. Na farko, ba a cakuɗa su, domin man da ke cikin injin R12 bai dace da R134a ba. Na biyu, R600a ɗan'uwan gas ɗin girki ne, yana kama wuta. Ba a kusantar da wutar walda gare shi sai an fitar da shi sarai a wuri mai iska.

6.0 Nauyin da Ake Ɗora Mata

Akwai ƙorafin da ba cuta ba ne, lissafi ne. Daga 2019 zuwa 2025 watan azumi ya riƙa faɗowa tsakanin Maris da farkon Yuni, lokacin da kasuwar ƙanƙara ta fi ci, kuma lokacin da aka fi jin cewa firiza "ba ta kamawa". Bari mu auna. Kafin lita 1 ta ruwa ta sauko daga digiri 35 zuwa sifiri, sai an cire mata zafi kimanin kilojul 147. Kafin ta daskare kuma sai an cire ƙarin kilojul 334. Jimla 481 ke nan. Lita 20 za ta buƙaci kilojul 9,620. In muka ƙaddara injin yana kwashe zafi na wat 150, watau kilojul 540 a awa, aikin zai ci kusan awa 18 na wuta ba yankewa, ban da zafin da ke kutsowa ta bango da ƙofa. Wanda yake samun wutar awa 6 a rana, ya cika firiza da ɗumammen ruwa, ba zai ga ƙanƙara ba ko da injin sabo ne fil. Maganin shi ne a rage yawan ruwa, a fara sanyaya shi a randa, a ƙulla shi ƙanana, a bar sarari tsakanin ƙulli da ƙulli. Masana'anta takan rubuta kilo nawa firiza za ta iya daskararwa cikin awa 24, kuma shi ne iyakarta.

In an ɗauke wuta kuwa, cikakkiyar firiza da ba a buɗe ba takan riƙe sanyinta kimanin awa 48, mai rabin kaya awa 24. A tsakiyar bazara ya kamata a sa ran ƙasa da haka. Robobin ruwa daskararru suna tsawaita wannan lokaci. A wannan hali ne kaɗai lulluɓa ta da bargo yake da amfani, da sharaɗin a yaye shi da zarar wuta ta dawo. Naman da har yanzu yake da ƙanƙara a jikinsa ana iya sake daskarar da shi. Wanda ya narke sarai ya yi ɗumi na sa'o'i kuwa haɗari ne, domin sanyi ba ya kashe ƙwayoyin cuta, dakatar da su kawai yake yi. Don haka hikimar iyayenmu ta soya naman layya ko yin kilishi da shi ba ta tsufa ba.

7.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa binciken firiza yana da jeri: wuta, mazauni, ƙofa, ƙanƙara, nauyin kaya, ƙananan sassa, sannan gas. Biyar na farko mai gida ko uwargida za su iya duba su ba tare da kashe ko kwabo ba. Bisa ga wannan, ana gabatar da shawarwari huɗu.

Na farko, mai saye ya nemi ajin T, ya fifita ta kwance a kan ta tsaye, domin iska mai sanyi tana da nauyi, ba ta zubewa in an ɗaga murfi. Bayan an ɗauko ta a mota, a bar ta a zaune sa'o'i kafin a kunna, don man inji ya koma mazauninsa.

Na biyu, a ɗora ta a kan katako, a ba ta soket nata na kanta mai wayar ƙasa, a sa mata na'urar daidaita wuta mai jinkirta kunnawa. A share ta a ƙarshen hunturu, kafin bazara ta shigo, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Na uku, tun bayan cire tallafin man fetur a Mayun 2023 riƙe firiza da janareta ya yi tsada, hankali kuma ya karkata ga masu aiki da hasken rana. Wanda zai bi wannan hanya ya tabbata an auna faifan rana da batir da inbata daidai da buƙatar tashin inji.

Na huɗu, yankin yana da manyan makarantun fasaha biyu na tarayya, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu a Kazaure, da Jami'ar Fasaha ta Babura wadda aka kafa a 2021. Ya dace su shirya gajerun kwasa-kwasai cikin harshen Hausa ga masu gyara da yaransu, musamman a kan gano yoyo da sarrafa R600a. Malaman harshe kuma aikinsu ne su zauna da masu sana'ar, su tattara kalmomin da suke amfani da su a bakin aiki, a daidaita su, a fitar da ɗan littafin jagora wanda mai firiza a Roni ko Gwiwa zai karanta ya gane.